Shagon Farfesan bisashe: abin da na gani da idona cikin shekara biyu

Salamu alaikum 'yan uwa. Tun ranar da na sa hoton ragona na layyar bana mutane ke ta damuna da tambaya, wasu ta kira wasu ta saƙo, wai wace allura nike mashi, wane magani nike zuba mashi a ruwa har ya cika haka. To gaskiya babu wata allurar ƙiba da ya taɓa sha, kuma na gaji da maimaita magana guda, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta komi game da wurin da nike kai bisashena, mai daɗin da marar daɗin, kowa ya karanta ya yanke wa kanshi.

Wurin ɗan shago ne nan cikin garin Maradi, ba nisa da inda ake saida harawa da dusa. Ba zan sa sunan mai shi ba don ban nemi izininshi ba, amma kowa Farfesa yake ce mashi, har yaran unguwa. Dattijo ne da ya yi shekaru yana koyar da ilimin kiwo a babbar makarantar aikin gona, da ya yi ritaya maimakon ya je ya kwanta sai ya buɗe wannan wuri, ana saida abincin bisashe da magani, ana kuma ba da shawara.

Ni dai kiwon gida nike, awaki bakwai yanzu da 'ya'yansu, sai raguna biyu ko ukku da nike turkewa kowace shekara. Da kuɗin asusu na fara, irin na Mata Masu Dubara, wanda ku ma kun san nan jihar Maradi anka fara shi a 1991 kafin ya bazu har wasu ƙasashe. Akuyata ta farko kuma habbanaye ce, wata ƙawata Bafulatana ta ba ni, ta haihu na riƙe 'ya'yan na maida mata uwar. Ina faɗin wannan ne don ku san cewa ni ba mai garke ba ce, akuya guda in ta mutu mani kuɗin lakwal ɗin yara ne ya tahi.

Abin da ya fara kai ni wurinshi rago ne, shekara biyu ke nan, saura kamar sati biyar salla. Na saye shi da tsada, ina ta ɗura mashi dusa safe da yamma, dusa zalla har da ƙasari, don kowa haka yake cewa, dusa ce ke sa ƙiba. Ran nan da asuba na ji yana wani irin kuka da ban saba ji ba, na fito na tarar ya miƙe ƙafafu ya bankare baya yana ta yunƙuri kamar mai naƙuda, yana cizon haƙora, yana dukan cikinshi da ƙafar baya, ƙasan wurin kuma a bushe ƙamas. Na zaci kumburin ciki ne na ba shi kanwa da man gujiya, shiru. Maƙwabcinmu ya ce a kira mahauci tun da sauran numfashi. Ɗana ne ya ce Inna mu gwada wurin tsohon nan, munka sa shi cikin adaidaita munka tahi.

Abin da ya fara ba ni mamaki, bai taɓa kwalbar magani ko guda ba. Ya sa anka sauke ragon cikin inuwa, ya ja kujera ya zauna yana kallonshi, ya kai minti biyar bai ce uffan ba, ni kuwa zuciyata kamar ta fito. Sannan ya ce, ɗiyata mi kike ba shi? Na faɗa. Ya ce harawa fa? Na ce ta yi tsada. Ruwa sau nawa? Na ce sau guda da rana. Yaushe rabon da ki ga fitsarinshi? Nan na yi tsit don ban lura ba. Ya duƙa da ƙyar, gwiwa na damunshi, ya shafa gashin da ke ƙasan cikin ragon ya nuna mani a yatsanshi, wani ɗan gari-gari fari kamar gishiri. Ya ce kin gani, tsakuwa ce ta toshe mashi hanyar fitsari, kuma dusarki ce ta kawo ta.

Ya bayyana mani da Hausa tsantsa, babu faransanci ko kalma guda. Dusa tana da wani sinadari da yawa da ake kira fosfor, ga shi ba ta da kalsiyom sosai, in rago na cin ta ita kaɗai ba ciyawa ba harawa kuma ruwa bai ishe shi ba, sai abin ya riƙa taruwa cikin mara yana zama yashi. Tunkiya ba ta cika samun matsalar ba don hanyarta gajeruwa ce mai faɗi, shi kuwa namiji tashi doguwa ce siririya mai lanƙwasa, can ƙarshe kuma akwai wani ɗan zare, nan tsakuwar ta fi maƙalewa. Ya kira lokotoron da ke aiki tare da shi, wani matashi, anka zaunar da ragon bisa gindi, anka yi mashi allurar rage zafi, ya datse ɗan zaren nan da almakashi. Wallahi ban manta ba, fitsari ya fara ɗiga ja-ja, sannan ya zubo. Ragon ya sauke wata ajiyar zuciya kamar mutum. Farfesa bai ɓoye mani ba, ya ce wannan mun yi sa'a, da tsakuwar can sama take ko da kin ƙara kwana guda mara ta fashe, da sai wuƙa, kuma ko yanzu tana iya dawowa in ba ki canza ciyarwa ba. Ya rubuta mani a takarda yadda zan rage dusa in haɗa da harawar wake, in ajiye gishirin lasa don ya riƙa jin ƙishirwa, ruwa kuma kar ya yanke gabanshi dare da rana. Ragon nan ya kai salla lahiya lau.

Tun ran nan ban sake zuwa wani wuri ba.

Shagon kanshi ba wani abin kallo ba ne, ɗaki biyu ne da rumfar kwano. Ɗaki guda buhunna ne, dusar alkama, angurya, ƙowar wake, 'ya'yan gawo in lokacinsu ne, da dutsen lasa. Ɗayan kuma nan magani yake da firigo mai aiki da hasken rana, ya ce da kuɗin sallamarshi ya saye shi don kuran ɗin garin nan ba abin dogaro ba ne lokacin zafi, kuma maganin rigakafi in ya ɗumama ya zama ruwan banza ko da kwalbar na nan da kyanta. Akwai wani abu da yake yawan nanatawa wanda da ban san shi ba, wai shi ba likitan bisashe ba ne, masanin kiwo ne, abinci da iri da haihuwa da lissafin riba su ne fanninshi. Allura da fiɗa da rubuta magani aikin lokotoro ne, shi ya sa ya haɗa kai da matashin nan da ya yi karatu a makarantar likitocin dabbobi ta Dakar. Na sha ganin mutum ya zo yana cewa Farfesa kai dai soka mata allurar nan, ya ce a'a jira mai aikin ya zo. Mutumin da ya koyar da ɗaruruwan ɗalibai amma bai jin kunyar cewa wannan ba hurumina ba ne, ni wannan ya ƙara mashi girma a idona.

In ka zauna rumfar nan kana jiran layi za ka sha labari. Ɗan makiyaya ne ta wajen uwa, daga arewacin jihar nan wajen Dakoro, ya ce yana saurayi ya ga farin 1973 da 1974, yana ma'aikaci kuma ya ga na 1984, ya ga mutanen da sunka kwana da garke sunka wayi gari da sanda kaɗai. Ya ce abin da ya hana shi barin fannin ke nan ko da abokanshi sunka koma aikin buro mai sanyi. Yana ba da labarin yaƙi da bushiya, ciwon shanun nan da kakanninmu ke tsoro, yadda ake bin rugage da akwatin ƙanƙara ana rigakafi ana huda kunne, har anka wayi gari a 2011 duniya ta sanar an kawar da ita gaba ɗaya. In ya zo nan sai muryarshi ta canza, ya ce to ga 'yar uwarta nan ta awaki da tumaki, PPR, an sa 2030 a kawar da ita, maganin rigakafin yana nan ana ma yin shi a Yamai, allura guda tana kare akuya shekara ukku ko fiye, abin da ya rage mutane su fito da bisashensu kawai.

Amma in kana son ka ga Farfesa ya manta da ciwon gwiwa, ka kawo mashi jar akuya mai kyau. Ranar da na kai wata budurwar akuyata ya miƙe tsaye yana zagaya ta, yana shafa bayanta, gashin nan gajere mai sheƙi ja kamar an shafa mata man ja, ya ce ɗiyata kin san abin da ke hannunki kuwa? Ya ce fatar wannan ita ce fataken da ke ratsa hamada da ita tun zamanin da, ta bi ta Maroko ta shiga Turai, har Turawa sunka riƙa kiran ta fatar Maroko alhali daga ƙasar Hausa ta fito, ana safar hannu da ita ana bangon littattafai masu tsada. Can Najeriya jar Sakkwato suke ce mata, mu nan jar Maradi, kuma saboda ita anka buɗe cibiyar kiwon awaki ta garin nan tun 1963. Tana yawan haihuwar tagwaye, in ta samu ci tana iya haihuwa ukku cikin shekara biyu tunda cikinta wata biyar ne, ga nono da za a samu na yara. Abin da ke ɓata mashi rai shi ne yadda muke sakin su gari kowane bunsuru ya hau, iri na ta gaurayewa, kuma bunsuru guda ya shekara biyar cikin gida yana hawan 'ya'yanshi da jikokinshi sannan mu ce 'ya'yan sun fito ƙanana, wai maita ce. Shi ya haɗa ni da wata mata a wata unguwa munka yi musayar bunsuru, ko dala bai karɓa ba.

Abubuwan da na koya a rumfar nan suna da yawa, bari in faɗi waɗanda sunka fi amfanata. Duba haƙori kafin sayayya, wannan ya hana dillalai cuta ta. In duk na gaban ƙanana ne farare na nono, bai kai shekara ba ko yana gab da ita, in manya biyu sun fito ya shekara da 'yan watanni, huɗu wajen shekara biyu, in takwas sun cika ya kai huɗu ko ya wuce. Don turke ya ce in nemi mai biyu ko huɗu, ƙashi ya gama tsayuwa, abin da ya ci nama zai zama. Sai duba ido, ka ja fatar ido ta ƙasa ka gani, in ja ce jini lahiya, in ta yi fari kamar takarda tsutsar ciki ta sha jinin. Ya hana ni abin da na saba, wato ba kowa maganin tsutsa duk wata ko da lahiyarshi ƙalau, ya ce haka ake koya wa tsutsa jure magani. Kuma wannan farin ƙwayar albendazol da muke saye barkatai, kar a ba akuyar da ba ta daɗe da ɗaukar ciki ba, tana iya ɓata ɗan. Da na ji haka sai da na tuna wata akuyata da ta yi ɓari shekarun baya, jikina ya yi sanyi.

Sai maganar kaye, wato littafin rubutu. Duk wanda ya zama na wurin sai ya sa shi sayen kaye na dala ashirin ko talatin, kowace bisa da shafinta, ranar da anka saye ta da nawa, ranar barbara, ranar haihuwa, abin da ta ci na kuɗi. Yana auna ƙirjin rago da igiyar awo irin ta tela ya rubuta, bayan sati biyu a sake, in bai ƙaru ba a san akwai magana. Shekarar farko da na yi lissafin nan na gano ragon da nike taƙama na ci riba da shi, in an cire dusa da harawa da magani, abin da ya rage bai kai kuɗin wahalata ba. Shekara ta biyu na sayi harawa tun kaka lokacin tana araha na ɗora bisa rufi, na rage kwanakin turke zuwa wata ukku, nan na ga bambanci.

Leda kuwa, akwai wata kwalba babba bisa teburinshi, ciki wani dunƙulen abu ne baƙi kamar tushen itace, ledoji ne da igiya da anka ciro daga tumbin tunkiya guda. Duk wanda ya ce akuyata na ci amma tana ramewa, sai ya nuna mashi kwalbar ya ce tana yawo a bola? An yi dokar hana ledar nan tun 2014 amma ku duba magudanun garin nan da kanku.

Akwai kuma abin da yake yi kyauta duk bayan girbi, yana tara mata da matasa bayan shagon yana nuna yadda ake gyara kara da busasshiyar ciyawa da takin ure. Na je na bana. An gina ɗan rami an shafe, a daddatsa kara kilo 100, a narka ure kilo 5 cikin ruwa lita 50, a shimfiɗa kara a yayyafa a tattake, a sake shimfiɗawa a yayyafa a tattake, yara na ta tsalle a kai suna dariya, sannan a rufe ruf kar iska ta shiga har sati biyu zuwa ukku. Ranar buɗewa warin ya sa mu hawaye, karan ya yi laushi ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ya ce a baza shi ya sha iska kafin a ba su. Ya ja kunne sosai, kuma ni ma ina ja, ruwan ure ɗin nan guba ne in bisa ta sha shi kai tsaye, kar a bar bokitin a fili, kar a ba jaki ko doki, kar a ba ɗan akuyar da bai fara tuƙa ba. Wanda bai ga an yi da idonshi ba don Allah kar ya gwada daga karanta rubutuna, ya je ya gani tukuna.

To yanzu bari in zo ga inda raina ya ɓaci, don na ce zan faɗi duka.

Farfesa ba ya zama. Wannan ita ce babbar matsalar wurin. Kana iya ɗauko akuya cikin rana ka biya adaidaita ka zo a ce maka ya tahi ƙauye tun asuba, sai gobe ko jibi. Waya kuma in ya shiga daji babu rizo, in ma akwai ba ya ɗauka in yana cikin taro. Bara wajen watan 11 na sayi wata akuya a kasuwar ƙauye, araha ta ruɗe ni, na kawo ta na haɗa da nawa ran nan, alhali ya sha gaya mani sabuwar bisa a ware ta sati biyu ko ukku. Kwana biyar sai ga majina da kwantsa, baki ya yi gyambo tana wari, zawo kamar an buɗe famfo, sannan 'yan ƙanana biyu da ba a yi wa rigakafi ba sunka kama. Na je shagon sau ukku cikin kwana biyu. Farfesa baya nan, lokotoro an kira shi wani garke nesa, yaron da ke tsaron wurin ya ce shi an hana shi ba da magani in ba a ga bisa ba, na ce to ga ta na kawo, ya ce shi ba ya dubawa. Na yi kuka a rumfar nan. Kafin lokotoro ya dawo sabuwar ta mutu da ɗan guda, ɗayan anka samu anka ceto da ruwan gishiri da sukari da allurai. Manyan da anka yi wa rigakafi ko tari ba su yi ba.

Na san laifina ne na farko, kuma na san ciwon nan, PPR ɗin da na ambata, ba shi da magani na kai tsaye sai dai a tallafa wa jiki. Amma har gobe ina cewa wurin da mutane sunka dogara da shi haka bai kamata a wayi gari babu mai duba bisa ko guda ba. Da ya dawo na faɗa mashi haka gaban mutane, raina a ɓace. Bai kare kanshi ba, ya ce kin yi gaskiya ɗiyata, Allah ya maida alheri. Sannan wani dattijo da ke zaune ya gaya mani inda ya je. Shanu ne sunka shiga gonar wake da ba a kwashe ba a wani ƙauye, an sari saniya, samari sun fara haɗa gora da adda, shi ne hakimi ya aiko a ɗauke shi tunda yana cikin masu sulhu kuma Fulatanci a bakinshi kamar Hausa. Kwana biyu yana auna ɓarna taki-taki, yana lissafa damin da anka yi hasara da kuɗin jinyar saniya, har kowa ya sa hannu.

Wanda bai san jihar nan ba zai ce mi ya kai farfesa rabon faɗan gona. Mu da munka san abin da ya faru a Toda a watan 10 na 1991, inda anka kashe sama da mutum 100 galibi mata da yara kan rikicin manoma da makiyaya, mun san abin da saniya guda cikin gona ke iya jawowa. Farfesa ya ce tun lokacin ya ɗau alkawali duk inda anka kira shi kan irin wannan zai je ko yana bisa tabarmar ciwo. Ya san dokokin kamar fatiha, dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa, kundin dokar karkara na 1993 da ya kawo kwamitocin filaye, da dokar kiwo ta 2010 da ta ce yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi. Kuma ba ya ɓangaranci, na ji shi da kunnena yana faɗa wa wani mai gona cewa kai ka cinye burtali ka shuka hatsi a kai sannan kana kukan shanu, ta sama za su bi? Na kuma ji shi yana wa wani Bafulatani faɗa kan sakin shanu da dare hannun yaro ɗan shekara goma tun ba a sanar da ranar sakin gonaki ba. Don haka fushina ya sauka, amma ƙorafina na nan, a samu mutum na biyu mai ilimi da zai riƙa zama in su biyun sun fita. Ya ce yana nema, kuɗin biyan albashi ne babu.

Sauran ƙorafin ƙanana ne. Maganinsu ya fi na kasuwa tsada, wani lokaci ninki biyu, kuma ba a ragi ko sisi. Na yarda da dalilin, na tebur da ke shan rana a kasuwa ba ka san ko na gaske ne ba ko ya lalace, na taɓa sayen wata allura mai ruwan ɗorawa da ba ta yi komi ba. Amma talaka na jin bambancin a aljihu, gara a faɗa. Bashi kuma yana bayarwa ga wanda ya sani, musamman zawarawa da tsofaffi, ni ma ya taɓa jira na har bayan salla. Ganin bisa da shawara jika guda na biya ranar ragon nan ban da kuɗin allura, in kuwa tambaya ce kawai ta baki ba ya karɓar komi. Layi na da tsawo ranar kasuwa don mutum guda sai ya ci rabin awa, ba ya sallamar ka sai ka maimaita mashi abin da ya faɗa kamar ɗan lakwal. Rumfar ta yi kaɗan, benci biyu ne, maza sun cika su, mu mata sai tsaye ko bisa buhu, ga bisashe marasa lahiya da masu lahiya duk wuri guda, wanda shi da kanshi ya san bai dace ba. Kuma yana da faɗa. In ka zo da bisa da ka bari ta kwana huɗu tana ciwo, ko ka ce a yi wa rago allurar kumbura jiki don a ruɗi mai saye, zai wanke ka tas gaban kowa. Wata maƙwabciyata ta ce ba ta ƙara zuwa saboda haka. Ni dai na fi son wanda zai yi mani faɗa akuyata ta rayu.

Wani abu da ya tsaya a kai wanda masu saida magani da yawa ba su ko ambata, in an yi wa akuya allurar kashe ƙwayoyin cuta sai ya rubuta a kayenka ranar da za a koma shan nononta da ranar da ya halatta a yanka, ya ce ragowar maganin na nan cikin nono da nama, yaranku ne ke sha. Ana saura sati guda salla wani ya zo a yi wa ragonshi irin allurar nan mai daɗewa a jiki don yana ɗan tari, lokotoro ya duba ya ce ƙura ce kawai, Farfesa ya ce a jiƙa mashi harawa a bar shi. Mutumin ya fita yana gunaguni, kuɗin da za su samu ke nan sunka bari ya tahi.

Ɗalibai ma na zuwa wurin, 'yan jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke karatun aikin gona, wasu ma ba su taɓa zama ajinshi ba. Sai ka ga yarinya da hijabinta da kaye tana buɗe bakin tunkiya yana tsaye kanta yana cewa ƙirga da kyau. Yana tura su gidajenmu su auna bisashe, biyu sun zo nawa, masu ladabi, sun sha ruwa sun rubuta komi har yawan dusar da nike awo da gwangwani. Ɗiyata ta biyu da ke ajin ƙarshe na sakandare tun zuwansu ta ce ita ma fannin nan za ta bi, ya ce in ta ci jarabawa in kawo ta ya ba ta tsofaffin littattafanshi.

Wanda zai je, ya je da sassafe kuma ya kauce wa watan 11 da 12 in ba dole ba, lokacin ne rigingimun gona ke yawa ba a samun shi. Ya tahi da bisar kanta ko aƙalla hotonta da bidiyo, da ledar ko kwalbar duk maganin da ya riga ya ba ta, kar ya ɓoye. Lokacin rigakafin gwamnati na shekara kuma a fito da su duka har 'yan ƙanana da sunka kai, shi kanshi can yake tura mutane, yana bin gida-gida a unguwarsu yana faɗa.

Jiya na je sayen dutsen lasa na tarar an kafa ginshiƙai huɗu gefen rumfar, yaron ya ce rumfa ta biyu za a yi, ta masu ciwo daban. Farfesa na zaune da wani Buzu suna duba kofaton tunkiya balami, ya ɗago ya ce ɗiyata ina kayenki, jar nan taki ba wannan watan za ta haihu ba? Na ce saura kwana goma sha biyu in Allah ya yarda. Ya ce to ki fara ƙara mata harawa kaɗan-kaɗan, ki share mata ɗaki ki zuba toka, in ta haihu ki tabbata sun sha dakashi tun awa ta farko.